Kafin Ka Ɗaura Wa Motarka Tirela

Ƙannena masu riƙe da sitiyari, musamman ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan da bas ko motar kaya, ina da magana da ku a kan wani aiki da nake ganin yana ƙara yawa a hannunku. Yau a ce ka ja janareta mai taya zuwa wurin biki, gobe injin kwaɓa kankare zuwa wurin gini, jibi tankin ruwa ko injin casa zuwa ƙauye. Ba irin babbar tirelar da ke ɗauko siminti daga Obajana nake nufi ba, ƙaramar nan nake nufi mai taya biyu ko huɗu, wadda ake maƙala wa mota a baya. Ƙanƙantarta ke sa a raina ta, ni kuwa tun ina yaron mota na daina raina ta.

Wata safiya ce aka ba maigidana aikin kai tankin ruwa wurin wani gini a bayan gari. Motar ba ta da ƙugiya, sai aka kira mai walda ya ɗana wani ƙarfe a jikin bamba, nan take, muna tsaye muna kallo. Tankin kuma ba a cika shi ba, ruwa ya ɗan wuce rabi. Duk wanda ke wurin tambayarsa ɗaya: za ta ja? Maigida ya ba ta wuta, ta ja, kowa ya ce madalla. Mun yi nisa, mun shiga wata 'yar gangara kusa da wani ƙauye, sai ga awaki sun keto titi. Ya taka birki. Na ji an bugo mu ta baya sau ɗaya, sau biyu, sai ƙara kamar an karya itace. Da na waiga ta taga, tankin nan ne ke wuce mu ta gefe, shi kaɗai, bakinsa na tartsatsin wuta a kan kwalta. Ya sauka daga titi ya daki katangar wani gida ta ƙasa, ta zube. Takalman yara na nan a gindin katangar, ƙanana, guda uku ko huɗu. Masu su sun shiga gida shan koko ke nan. Maigidana ya sauko ya zauna a ƙasa, ya ɗauki guntun ƙarfen da ya yage yana jujjuya shi, hannunsa na rawa. Waldar ɗige-ɗige ce kawai a saman fenti, ba ta ci ƙarfen ba ko kaɗan.

Tun ranar na gane cewa mun yi tambayar da ba ita ba. Kowace mota za ta ja. Ko keken ɗinki ka sa wa taya, in ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, zai motsa kaya. Tambayar da ke riƙe da rayukan mutane ita ce: za ta tsaya? Tirela ba ta da direba, ba ta da sitiyari, sau da yawa ba ta da birki. Duk hankalinta yana wurin ƙarfen da ya haɗa ku, da yadda ka jera mata kaya tun a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka fara da karatu kafin ka taɓa sifana. Motocin da aka ƙera don kasuwar Turai, irin waɗanda ke shigo mana ta Kwatano da Legas, suna da wani ɗan faranti ko takarda mai manne a ginshiƙin ƙofa, ko cikin bonet, ko gindin kujerar direba. Ƙarƙashin lambar shasi za ka ga lambobi huɗu a jere. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta: kai, yaronka, mai da kaya. Ta biyu iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Sauran biyun kuma abin da tayoyin gaba da na baya za su iya ɗauka. A ce ka ga 3,000 a sama, 5,000 a ƙasanta. To in motar na cike, tirelar da kayanta da nauyin jikinta duka kada su wuce kilo 2,000, kuma in littafin motar ya faɗi abin da bai kai haka ba, na littafin za ka bi. In ka tarar wurin lamba ta biyu babu komai, masu motar ba su yi ta don jan tirela ba, ka haƙura.

Sai wata lamba da nake so ka haddace kamar lambar wayarka: 750. A ƙasashen Turai, tirelar da ba ta da birkin kanta ba a yarda ta wuce kilo 750 ba, ita da kayanta. A Ingila ma sun ƙara sharaɗi, kada ta wuce rabin nauyin motar da ke jan ta in motar ba kaya. Yanzu ka auna da abin da muke ja. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 1,000 tan guda ne cur, tun ba a sa nauyin ƙarfen da ke ɗauke da shi ba. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 15 sun cinye kilo 750. Buhun masara mai kilo 100 kuwa, kafin ka kai na takwas ka ƙetare. Ka ga yawancin abin da muke kira "ɗan kaya" ya riga ya fi ƙarfin tirela marar birki. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a wannan wuri kada ka dogara da shi. In akwai sikelin manyan motoci kusa da kai, irin na masu sayen hatsi ko masu fasa dutse, ka biya ka hau sau ɗaya. Abin da za ka gani zai ba ka mamaki.

Tirelar da ta fi kilo 750 nauyi dole ta zo da birkinta. Na Turai yawanci a bakinsu yake: idan ka taka birki, tirelar ta turo gaba, sai wata sanda ta nutse ciki ta ja wayoyin birkin tayoyinta. Irin wannan yana aiki har zuwa kilo 3,500. Na Amurka da yawa na lantarki ne, ba sa kamawa sai an sa wa motar na'urar da za ta aika musu wuta. Abin baƙin ciki, da yawa daga cikin waɗanda ke iso mana birkin ya daɗe da mutuwa, wayoyin sun yi tsatsa sun daskare, ko wani ya cire su ya yar. Ka ɗaga taya da jak, ka ja birkin hannun tirelar, ka gwada juya tayar. In ta juya, lissafinka ya koma na 750.

Ƙugiya kuwa, a nan zan daɗe, domin a nan aka kusa kashe yaran mutane a gabana. Bamba ba wurin ja ba ce, ado ce da kariyar ƙaramin karo. Ƙugiya ta gaskiya a jikin shasi take zama, a wuraren da masu motar suka huda don haka, da manyan notuna masu ƙwari. Ka duba kan kusar, za ka ga an buga 8.8 ko 10.9. Kusar da ba ta da lamba a kai ta ƙofar gida ce, ba ta mota ba. In motarka ta zo da ƙugiya tun daga Turai, kada ka ce shi ke nan. A can gishiri suke watsa wa tituna lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuma cin ƙarfe yake daga ciki. Ka kwanta ƙarƙashin motar da tocila da ƙaramar guduma, ka ƙwanƙwasa kewayen notunan. Ƙarfe mai lafiya amsawa yake da kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji luƙus, ɓawo na zubo maka a fuska. Ba na raina masu walda, a cikinsu akwai gwanayen da nake cire wa hula. Amma aikin da za a yi a tsaye cikin minti goma, mai kaya na duba agogo, ba shi ne zai riƙe tan guda a gangara ba.

Dunƙulen da ke kan ƙugiyar ma yana da awo. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka iri uku ne da aka fi sani: milimita 47.6, da 50.8, da 58.7. Mu kuma kasuwarmu ta haɗa kowa, mota daga Beljiyam, janareta daga Amurka. In ka kifa babban baki a kan ƙaramin dunƙule zai zauna lafiya lau a tasha, har ka ɗauka ya kama, sai ramin farko ya tsige shi. Haka in dunƙulen ya lashe ya koma ƙasa da milimita 49, ya gama aiki. Bayan ka kulle, ga gwaji mai sauƙi: ka murɗa ƙafar gaban tirelar kamar za ka ɗaga ta. In ta kama da gaske, za ka ga bayan motar na tashi tare da ita. Tirelar da aka ƙera a gida, mai zobe da sanda, ita ma tana da nata haƙƙi. Sandar ta zama ƙarfe mai kauri da aka yi don haka, mai huda a ƙasa da za a zura makulli. Guntun rodin gini da aka lanƙwasa kansa tsalle yake yi ya fice a gargada.

Kuma ko ƙugiyar ta fi kowacce kyau, sai ka sa sarƙa. Guda biyu, a gitta su ƙarƙashin bakin tirelar, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, yadda in bakin ya kuɓuce zai faɗa a kansu maimakon ya soki kwalta. A maƙala su a jikin ƙarfen ƙugiya ko shasi, kada a rataya a wuyan dunƙule. Su yi sakwa-sakwa daidai shan kwana, kada su ja ƙasa. Igiya ba ta maye gurbin sarƙa, ko ta rijiya ce. Tirela mai birki kuma tana da wata siririyar waya da ake maƙalawa a mota, wadda in an rabu za ta fizgi birkin tirelar ta tsayar da ita. Da tankinmu na da ko ɗaya daga cikin waɗannan, da katangar mutanen nan na tsaye.

Lodi shi ne inda gwani ke bambanta da ɗan koyo. Mai nauyi ya zauna ƙasa, a saitin tayoyi, ya ɗan rinjaya gaba: wajen kashi 60 cikin ɗari a gaban taya, 40 a baya. Dalili shi ne bakin tirela dole ya danna ƙugiya. Turawan Turai kan so nauyin da ke kan ƙugiya ya kai kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin tirelar, Amurkawa kuma da irin nasu tirelolin kan ce 10 zuwa 15. Iyakar da taka ƙugiyar za ta ɗauka tana rubuce a farantinta, kusa da harafin S. Aunawa ba wuya: sikelin da ake auna mutum, da guntun katako da zai tokare bakin tirelar daidai tsayin ƙugiya, a wuri mai daidai, an sa wa tayoyi waigi. In kana iya ɗaga bakin tirela mai lodi da yatsa biyu, kada ka yi murna, kayan sun koma baya ne, kuma irin wannan ce ke kaɗa wutsiya a hanya. In kuma ya yi yawa, bayan mota zai durƙusa, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau, fitilunka su koma haska idon masu tahowa. Motocin da ke ja da tayoyin gaba, irin su J5, sun fi jin wannan, sai ka ga taya na sulɓi a hawa. Ka ja da baya ka kalli mota da tirela daga gefe. Su miƙe sambal kamar layi ɗaya.

Ka ɗaure komai tamau, domin kayan da ke zamewa sun rushe duk awon da ka yi. Ruwa ya fi kowane kaya makirci. Tankin da ke rabi, ruwan na gudu gaba ya dawo baya, shi ne bugun nan biyu da na ji kafin waldar ta yage. Gara ƙaramin tanki a cike da babba a rabi. Mutum kuwa, ko leburan da zai sauke kayan ne, ko yaro ne ya roƙe ka da girman Allah, kada ka bari ya hau tirela.

Yanzu motar kanta. Duk abin da ke da ɗan rauni a jikinta, tirela za ta tona shi. Man birki yana shan damshin iska a hankali. Sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa tun a 155. In ya tafasa kuwa, sai ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, ko da launinsa bai ɓaci ba. Wanda ya taɓa sauko Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga da kaya a baya ya san abin da nake faɗa. Tun kafin ka fara gangarowa ka sauke giya, ka bar inji ya riƙe motar, birki kuma ka riƙa taka shi kana saki. Ɗabi'ar nan ta sakin mota ba giya a gangara don tattalin mai, da tirela a baya, sayar da rai ne a kan kuɗin lita ɗaya.

Inji ma zai sha wuya, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. A wanke lagireto, a duba fanka da bel, a canza baƙin mai in lokacinsa ya kusa. In kulocinka ya fara sulɓi, ka gyara kafin tafiyar, domin hawan farko zai ƙarasa shi. Mota mai giyar otomatik kuma zafin man giya ne ajalinta, in jan tirela zai zama sana'arka ka sa a ƙara mata abin sanyaya man.

Tayar tirela ba kasafai take suɗewa ba, tsufa da rana ke kashe ta tana tsaye a bayan gida. Za ka ga zanenta raɗau, gefenta kuwa duk ya tsattsage. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2016. Ni dai tayar da ta haura shekara shida ba na ɗora mata kaya. Tayoyin motar su zama na kaya, masu harafin C bayan lambar girmansu, a ba su iskar cikakken lodi kamar yadda takardar jikin ƙofa ta nuna, kuma da safe ake aunawa kafin su ɗau zafi. Ka tafi da safayar tirela da sifanar da ta dace da notunanta, domin sau da yawa ba ɗaya suke da na mota ba. Boris kuma a buɗe a sa masa giris. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, in tana ƙwas-ƙwas akwai magana.

Wuta ba ta buƙatar dogon bayani. Soket ɗin Turai mai ƙafa 7 ne ko 13, kuma jeren wayoyinsa daban yake da na Amurka, don haka ka kai wa mai wayarin da ya san aikin. Sababbin motoci masu kwamfuta ba sa son a yanki waya a ɗaura kai tsaye. Ka sa yaronka ya tsaya a baya, ka taka birki, ka ba da sigina dama da hagu, ya faɗa maka abin da ya gani. A manna abin ƙyalli ja a bayanta. Tirela marar wuta da daddare tarko ce ga mai babur da ke biye da kai. Madubi kuma in tirelar ta fi motar faɗi, a ƙara masa hannu har ka riƙa hango gefenta.

A kan hanya, gudu ne ke tayar da duk fitinar da ke kwance. A Ingila mai jan tirela ba ya wuce mil 50 a awa a hanyar da ba a raba ta biyu ba, mil 60 a babbar hanya, wato wajen kilomita 80 da 96. A Jamus ƙa'idar kilomita 80 ce, sai wanda ya cika wasu sharuɗɗa na musamman. Su ke nan da titunansu sumul. Mu da ramuka da shanu da masu babur, ni ban ga dalilin wuce 60 zuwa 70 ba. A gudun kilomita 80, kowace daƙiƙa ɗaya kana cin mita 22, kuma in ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa yake sau huɗu. Ka bar tazara ninkin wadda ka saba. Ka buɗe kwana, domin tirela yanke take yi ta ciki.

Wata rana, ko ka yi komai daidai, babbar mota za ta wuce ka a guje tsakanin Kaduna da Zariya, ko iskar hunturu ta bugo ta gefe, ka ji bayanka ya fara layi. A madubi za ka ga tirelar ta leƙo dama, ta leƙo hagu, kowane leƙe ya fi na baya. Zuciyarka za ta ce taka birki, hannunka zai so ya bi ta da sitiyari. Kada ka yi ko ɗaya. Ka riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka bar gudun ya mutu da kansa. Masu cewa a ƙara wuta don ta miƙe, kada ka saurare su. In ta lafa, ka sauka gefe ka sake jera kayan, domin ta gaya maka akwai abin da ba daidai ba. Ribas kuma ka koye shi a fili ranar da ba ka da aiki: hannu a ƙasan sitiyari, inda ka kai hannun nan tirelar za ta nufa, a hankali, da mutum a baya yana nuna maka.

Saura abu mafi wuya, wanda ba a jikin mota yake ba. Mai kaya zai dafa kafaɗarka ya ce, "Haba direba, lallaɓa mana, ai nan da nan ne." Maigidanka ma yana iya cewa, "Mu da muka shekara ashirin muna yi, me ya same mu?" Wani kuma ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne komai da ƙaddara, amma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali yana zuwa ne bayan mutum ya yi abin da ke wuyansa. Na san kuɗin mai ya yi tsada, na san kana da iyali ko kana tara na aure, na san kunyar ce wa babba a'a. Ka faɗa da ladabi: "Ranka ya daɗe, kayan nan sun fi ƙarfin tirelar, a bari in yi sawu biyu." In ya ƙi, ka bar masa aikin. Ranar da abin ya faru, shi yana gida, kai ne a wurin, kai za ka kalli iyayen yaran.

In kun kama hanya, don Allah kada ka zarce. Bayan kilomita 20 ko 30 ka sami wuri mai faɗi ka tsaya, ka zagaya. Ka kai bayan hannunka kusa da cibiyar kowace tayar tirela, ɗumi ba laifi, amma in ta fi 'yar uwarta zafi ko tana ƙuna, boris ne ko birki ya riƙe. Ka taɓa sarƙa, ka duba makullin ƙugiya, ka ƙara ɗaure igiyoyin kaya domin sun saki, ka bi notunan taya da sifana. Minti biyar ne. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.